Igiya, Cokali da Jama'a: Abin da Koyon Gini Yake Yi wa Matashi

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Jangebe da Talatar Mafara da Bakura da Maradun, da ƙauyukan da ke kewaye da su, da 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da gidajensu, waɗanda ke sauraronmu a inda suka sami mafaka. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Yau a kan sana'ar gini za mu yi magana. Abin da za mu duba shi ne yadda koyon gini a bakin aiki, kafaɗa da kafaɗa da maigida, yake sauya shi kansa mai koyon: yadda yake sa matashi ya yarda da kansa, da yadda yake ba shi mutane. Iyaye, ku matso kusa da rediyo. Magina da birkiloli da kafintoci, maganar taku ce. Samari da 'yan mata, domin ku aka shirya shirin.

Duk wanda ya san wannan yanki ya san halin da matasanmu suke ciki. Noma ne gadonmu, shi ne ma abin da jihar Zamfara take tinƙaho da shi, amma a shekarun nan gonakin da ke nesa da gari sai an yi shahada ake zuwansu. A daren 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe suka kwashe ɗalibai, sai ranar 2 ga Maris aka sako su, su 279. A watan Satumban shekarar har ta kai an katse layukan waya a jihar, kasuwannin mako-mako suna rufe. Tun daga lokacin, duk inda ɗan Jangebe ya je ya ambaci sunan garinsu, kwashe ɗaliban nan ake fara tuna masa. To, yaron da ya tashi cikin wannan hali, makaranta yau a buɗe gobe a rufe, gona ba ta shiguwa, me ya rage masa? Zaman majalisa daga hantsi zuwa la'asar, ko ramin zinariya, ko ci-rani, ko kuma, Allah Ya kiyaye, hanyar da ba ta ɓullewa. Ramin zinariya kuwa mun ga abin da ya jawo a Anka da Bukkuyum a 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara sama da 400.

Zaman banza, kafin ya ci aljihun matashi, zuciyarsa yake fara ci. Sai ka ga saurayi ƙaƙƙarfa, lafiyarsa lau, amma ba ya iya buɗe baki a taro. In an ce wa zai iya kaza, sai ya sunkuyar da kai. Ya sha jin ana ce masa ba shi da amfani har ya yarda. Nasiha tana da wurinta, tallafin kuɗi ma yana da nasa, amma maganin wannan ciwo shi ne yaro ya yi wani abu da hannunsa, ya ga ya tsaya, mutane su gani su shaida.

Me ya sa muka zaɓi gini? Saboda aikin yana nan yana jira. Kowace damina katangu suna zubewa, kuma ba mu manta da ambaliyar Gummi ta 2024 ba, wadda ta rusa gidaje masu yawa. Ga ajujuwan makarantu, ga asibitocin karkara, ga shaguna da masallatai da kwalbatoci. Mutanen da suka baro ƙauyukansu suna neman ɗakunan zama a cikin gari, ranar da zaman lafiya ya dawo kuma, in Allah Ya yarda, ƙauyukan da aka ƙone sai an sake gina su. Wa zai gina? A yau in mai hali yana son aikin tayil ko silin mai kyau a Gusau, sau da yawa za ka ji ana cigiyar 'yan Togo ko 'yan Kwatano. Ba fin 'ya'yanmu basira suka yi ba. Sun zauna ne a gaban iyayen gidansu shekara da shekaru sun koya.

Yanzu bari mu je bakin aiki mu ga yadda abin yake.

A ce ga yaro ɗan shekara 17, mahaifinsa ya kama hannunsa ya kai shi wurin birkila ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, amana." Makonnin farko ba zai ko taɓa cokali ba. Ɗebo ruwa, tankaɗe yashi, ɗauko bulo, tura baro, wanke shebur da kwano in an tashi. Shi a ganinsa wahala ce kawai, alhali idonsa karatu yake yi. Yana ganin yadda kwaɓi yake in ruwa ya yi masa yawa, da yadda yake in ya yi tauri. Yana jin ana cewa buhun siminti mai kilo 50 kwano biyu ne, in kankare mai ƙarfi ake so sai a zuba masa kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Yana gane dalilin da ya sa ake ba sabon kankare ruwa safe da yamma har aƙalla kwana 7, da dalilin da ya sa ba a ɗora masa nauyi da gaggawa, tunda sai ya yi kwana 28 yake kama ƙarfinsa sosai.

Sai ranar fitar da harsashi ta zo. Maigida ya kafa turaku, ya ja igiya biyu suka haɗu a kusurwa. Ya miƙa wa yaro bakin tef. Daga turken kusurwa aka auna ƙafa 3 a jikin igiya ɗaya aka yi alama, aka auna ƙafa 4 a jikin ɗayar aka yi alama, sannan aka auna tsakanin alamun biyu. In ya ba da ƙafa 5 cif, kusurwa ta tsaya. In ya gota ko ya gaza, sai a matsa turke a sake. Wannan shi ne lissafin da ake koyarwa a sakandare da sunan wani masanin ƙasar Girka, Fitagoras, wanda yara da yawa suke haddacewa ba su san amfaninsa ba. A nan ga shi a ƙasa, ana taka shi da ƙafa. Daga nan sai a ɗauko siririn tiyo mai garai-garai a cika shi da ruwa, a bubbuga har kumfa ya fita. Ruwan da ke wannan baki da wanda ke wancan baki kullum tsayinsu ɗaya ne, komai tudu da gangaren fili. Maigida yana riƙe da baki ɗaya, yaro yana can ƙarshen fili da ɗayan. "Ɗaga kaɗan! Sauke! Tsaya nan, ja alama." Wannan alamar da yaron ya ja da fensir a jikin turke, a kanta za a daidaita gidan mutum gaba ɗaya. Shi ma ya san haka, shi ya sa hannunsa yake ɗan rawa.

Bayan 'yan watanni, wata rana da hantsi, maigida zai miƙa masa cokali ya ce ya ja layi uku a gani. Yaro ya shimfiɗa kwaɓi, ya jera bulo, ya share baki. Maigida ya zo bai ce uffan ba, ya saki igiya mai ƙarfe a baki a jikin bangon, ya dube shi.

"Mi kag gani?"

"Maigida, katangar ta ɗan karkata."

"To sauke ta tun kwaɓi bai sha iska ba."

Ya sauke, ya sake. Maigida ya dawo ya saki igiya, ta sauka sumul a jikin bango. "Madalla. Ci gaba." Ya juya ya tafi wani aikin.

Masu sauraro, wannan "madalla" ɗaya ta fi dogon jawabi tasiri a zuciyar yaro, domin ya san ba alfarma aka yi masa ba. Igiya ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san ɗan talaka ba. Abin da ya miƙe ya miƙe, abin da ya karkace ya karkace. Ya kuma koyi wani abu da zai yi masa amfani har tsufansa: kuskure abin gyara ne, in an gan shi da wuri aka amsa shi. Sannan aikinsa ba ya ɓacewa. Bayan shekara biyar zai bi ta layin da ƙanensa ya nuna masa katanga ya ce da hannunsa aka yi ta.

Daga nan za ka ga tafiyarsa ta sauya. Ya iya duban bango ya ce murabba'in mita ɗaya yana cin bulo wajen 10, saboda haka ɗakin nan zai ci kaza. Ya iya tsayawa gaban mai aiki cikin ladabi ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ƙofar nan in ba a zuba mata linta da rodi ba, za ta tsage." Yaron da a da ba ya iya haɗa ido da manya, yau manya suna tambayarsa shawara. Ƙwarin gwiwar da ke da tushe ke nan, domin a kan iyawa aka ɗora shi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, muna magana a kan koyon sana'ar gini. Mun ga yadda take sa matashi ya yarda da kansa. Yanzu sai mu dubi yadda take ba shi mutane.

Akwai sana'o'in da mutum zai iya yi shi kaɗai a cikin shago. Gini ba ya cikinsu. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk wanda ya taɓa ganin an taru an ɗaga jinka an ɗora a kan ɗaki ko rumbu ya san daga bakin aiki maganar ta fito. Ku dubi ranar zuba kankaren bene. Kafinta ya gama shimfiɗa katako, mai rodi ya gama ɗauri, mai wuta ya binne bututunsa. Aiki ne da in an fara ba a tsayawa sai an kai ƙarshe, domin in wani sashe ya bushe kafin a haɗa shi da wani, nan ne ruwa zai riƙa bi. Saboda haka ana idar da sallar asuba kowa ya hallara. Masu kwaɓi suna ƙasa da shebur, masu ɗauka sun yi layi a kan matakalar katako, kwano yana hawa cike yana saukowa wayam, birkiloli suna sama suna bajewa suna dannawa. In mutum ɗaya ya yi sanyi, layin duka ya tsaya. Mai abinci ta kafa tukunyarta a gindin bishiya. Ana barkwanci, Bagobiri da Bayarabe suna wasansu na gado, wani ya ɗauko waƙa saura su amsa. Can da la'asar in an zuba kwanon ƙarshe, sai ka ji an ɗauki sowa gaba ɗaya. Yaron da ke cikin wannan layi ya ji a jikinsa cewa ana buƙatarsa, da bai zo ba da an ga gurbinsa. Matashin da ya daɗe yana jin shi ba kowa ba ne, babu abin da yake ƙishirwa kamar wannan.

Abin ba ya tsayawa a bakin aiki. Abokan aikinka su ne za su ce maka gobe akwai aiki a Mafara, ka fito da wuri. Su ne za su ara maka tef ko guduma kafin ka sayi naka. Da su za ka shiga adashi. In ka kwanta ciwo su zo dubiya, in an yi maka haihuwa su cika ƙofar gida. Ranar da ka je neman aure aka tambaya wa ya san halinka, za a ce yaron wane ne birkila, shekara uku yana hannunsa bai taɓa ɗaukar ko ƙusa ba. In tafiya ta kama ka zuwa Gusau ko Sakkwato ko Abuja, akwai wanda maigidanka zai kira ya ce ga yarona nan tafe, a ba shi masauki.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu faɗa a fili. Rikicin shekarun nan ya shuka zargi tsakanin mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna zaune tare, musamman Hausawa da Fulani. Wuraren da 'ya'yansu suke haɗuwa sun ragu. Bakin gini yana cikin 'yan wuraren da suka rage, inda za a yi gumi tare, a ci abinci a kwano ɗaya, wannan ya riƙe wa wancan tsani. Wanda ya riƙe maka tsani kana sama, da wuya wani ya zo daga baya ya ce maka maƙiyinka ne ka yarda. Maginin da ya karɓi yaro ba tare da duban ƙabilarsa ko ƙauyen da ya baro ba, aikin sulhu yake yi, ko da bai taɓa zama a teburin sulhu ba.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan baƙon abu ne a wurinmu. Musulmi sun san cewa lokacin da aka gina masallacin Madina bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya riƙa ɗaukar tubali tare da sahabbansa. A ƙasar Hausa kuma gayya ce take tayar da ɗakin ango da katangar marayu. Mata su ne masu daɓe: su taru da madaɓansu, su yayyafa ruwan makuba, su yi ta bugu suna waƙa har ƙasa ta yi santsi. Magina suna da sarkinsu, Sarkin Magina, kuma yaro yakan fara ne daga cuɗa ƙasa da dunƙula tubali, ya kai ga jera azara, kafin a yarda ya ɗaura bakan gizo. A Zariya, cikin shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, Malam Mika'ilu da ake kira Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a da ƙasa da azara, kuma har yau masana gine-gine daga ƙasashe suna zuwa kallon aikinsa. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wani magini mai suna Falke Barmu ya jagoranci mutanen garinsu suka fara gina masallacinsu a 1962, kowa ya kawo abin da yake iyawa, wani ruwa, wani tubali, wani itace. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin gine-gine na duniya. A Dandaji, nan cikin jihar ta Tawa, a 2018 aka kammala sabon masallaci aka mayar da tsohon ɗakin karatu. Mata biyu ne suka zana aikin, Maryam Isufu Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, magina na yankin kuma suka yi aikin da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, suka ƙaru da sabuwar dabara a kan wadda suka gada.

Mu ma nan muna da abin tunawa. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Talatar Mafara sunan Injiniya Abdu Gusau, Garkuwan Sakkwato, take ɗauke da shi, ɗaya daga cikin injiniyoyin farko da Arewa ta samu. Ga kuma madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kammala a 1978. Dattawan Maradun da Mafara da Bakura sun san amfanin da ta kawo wa noman rani, sun kuma san raunin da ta bari, musamman abin da ya faru a watan Afrilun 1980, lokacin da aka rasa rayukan manoman da suke neman haƙƙin gonakinsu. Darasin da ke ciki shi ne, babban aiki in ya zo gari, a tafi da mutanen garin tun daga farko, kuma in ya ƙare ya bar musu iyawa a hannu. Magudanan Bakolori na kankare ne, kuma kankare kullum yana son gyara. Kamata ya yi a ce masu gyaran 'ya'yan yankin ne.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, gaskiya ɗaya ce, kuma ba za mu ɓoye ta ba: ba kowane maigida ne uba ba. Akwai wanda zai riƙe yaro shekara huɗu yana tura baro, bai taɓa miƙa masa cokali ba, don kada ya iya ya zama kishiyarsa. Akwai mai zagi da duka. Akwai wanda za a biya kuɗin leburori ya danne na yaransa. Akwai kuma mai koya wa yaro ha'inci, a rage siminti a ƙara yashi, a buga bulon da in ka ɗaga shi zai ruguje a hannunka. Irin wannan koyo karya zuciya yake yi, ginin da aka yi da shi kuma rayukan mutane yake ci. Saboda haka kafin a ba da yaro a bincika, kamar yadda ake bincike kafin a ba da aure.

A kuma yi magana a fili tun ranar farko, a gaban shaidu, in da hali a rubuta. Shekara nawa za a yi? Me yaro zai iya a ƙarshen shekarar farko, me zai iya a ta biyu? Nawa ne kuɗin abincinsa a rana? In ya ji ciwo a bakin aiki, wa zai ɗauki magani? Ranar yaye, da waɗanne kayan aiki za a sallame shi? Wannan ba rashin yarda ba ne, kiyaye zumunci ne. Maganar lafiya kuma ba ta wasa ba ce. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata, ƙurarsa tana cutar da ƙirji, saboda haka a sa safar hannu da takalmin roba, a rufe hanci. A sa hular kwano a inda ake aiki a sama. Kada a hau dandamalin katakon da ba a gwada ƙarfinsa ba. Kada a karɓi ƙwayar da ake cewa tana ƙara ƙarfi, domin ƙarfin yini ɗaya take bayarwa ta karɓe na shekaru. Yaron da bai kai shekara 15 ba kuwa, makaranta ce wurinsa, in ya so ya riƙa leƙa aiki lokacin hutu, ba tare da an ɗora masa kaya masu nauyi ba. A halin da muke ciki kuma, a tashi aiki da wuri, kowa ya isa gida kafin magariba.

Sai maganar takarda. Gwanaye da yawa a garuruwanmu suna rasa manyan ayyuka saboda ba su da shaidar da za su nuna. Hanyoyin samunta suna nan. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana shirya jarrabawar sana'o'in hannu, har da gini da kafinta da aikin wuta. Hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna tana da tsarin da ake auna abin da mutum ya iya a aikace, ko da bai taɓa zama a aji ba. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, tun ƙarshen shekarun 1980 take da shirin haɗa matasa da masu sana'a su koya a hannunsu, kuma tana da ofis a kowace jiha. Asusun ITF, wanda aka kafa a 1971, shi ma yana horar da masu sana'a. Wanda ya gama sakandare kuma, ga kwalejin Abdu Gusau a Mafara, ga ta tarayya a Ƙauran Namoda. Ɗalibin da ya shiga aji bayan ya riƙe cokali ya fi saurin gane zanen gini, domin abin da ke kan takarda ya riga ya taɓa shi da hannu.

To, wa zai yi me?

Iyaye, ku daina kallon gini a matsayin aikin wanda ya rasa abin yi. Ku kai 'ya'yanku da kanku, ku riƙa leƙawa kuna tambayar me suka koya. Kada kuma ku manta da 'ya'ya mata. Jikokin masu daɓe ne. Zanen gida, lissafin kayan gini, fenti, tayil, haɗa wutar sola, duk suna iyawa, kuma akwai gidajen da mace ce kawai za ta shiga cikinsu ta yi aiki hankali kwance.

Magina da birkiloli da kafintoci da masu walda, kowane gwani a cikinku wani ne ya yi haƙuri da shi. Ku karɓi yara, har da marayu da 'yan gudun hijira waɗanda ba su da mai kai su. Ku haɗa kanku a ƙungiya, ku rubuta sunayen masu koyo, ku tsawata wa mai zaluntar yaransa, ku yi bikin yaye a bainar jama'a, a gayyaci hakimi da limamai, domin yaro ya san garinsu ya shaida shi.

Hukumomi da 'yan kwangila, ga shawarar da ba ta buƙatar sabon kasafi. Duk aikin da za a bayar a Jangebe ko Mafara ko Bakura ko Maradun, ajin makaranta ne ko asibiti ko kwalbati, a sa sharaɗi cewa za a ɗauki wasu matasan garin a matsayin masu koyo, a rubuta sunayensu, a biya su, in aiki ya ƙare a gwada su a ga abin da suka iya. Raba baro da shebur a wurin taro ba ya mayar da mutum magini. Watannin da ya yi a bakin aiki su ne suke mayar da shi. Masu hali da ke gina gidaje da shaguna da masallatai, ku ma kuna iya sa wannan sharaɗi, ladanku biyu.

Ku kuma samari, kada girman kai ya hana ku tura baro. Duk gwanin da kuke gani daga nan ya fara. Ku zo da wuri, ku riƙe amana, ku yi tambaya, ku sayi kayan aikinku ɗaya bayan ɗaya, yau cokali, wata mai zuwa tef. In an ce ku sauke bango ku sake, ku sauke ba tare da ɓata rai ba. A cikin makon nan, kowa ya dubi unguwarsu ya ga inda ake gini, ya sami babbansa su je tare a gaida maigidan aikin a nemi wuri. Mai nema yana tare da samu.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Muna roƙon Allah Ya ba yankinmu da jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya sa albarka a hannun masu sana'a, Ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah Ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)